Awon Attahir Magini

Tawa, Lahadi

Zuwa ga Yaya Zubairu, Barmou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyali da bisashe. Ina zafi? Mu nan Tawa zafin bana sai dai addu'a.

Na rubuto ne ban kira ba, don na san wayarka. In ta yi kuka a gindin iccen bedi, rabin Barmou ke jin abin da aka ce, sauran rabin su ji da marece. Direba zai ba ka wagga hannu da hannu.

Jikin ƙanenmu Attahir da sauƙi. Ƙafafu dai ba su dawo ba, kuma lokotoro ya ce kada mu sa rai, tunda lakar baya ce ta taɓu ran da ya faɗo daga bisa rumbun da yake gini. Amma yana ci, yana sha, har tsiya yana yi mini wai miyata ba gishiri. Ɗakin gabas na ba su, shi da matarsa Zeinabou.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gidan likita sun haɗa mu da wani yaro, Souleyman, Badamagare, cikin masu koya wa marasa lafiya motsa jiki, waɗanda ake ce ma kine. Yana zuwa bisa moto, wato babur, wai awo yake yi. Yaya, na san awon hatsi, na san awon ciki, amma ban taɓa ganin a auna mutum da lomar tuwo a hannu ba. Sai ya zauna ya zuba wa Attahir ido: ci abinci in gani, sa riga in gani, sa wando, yi wanka, tashi daga gado ka hau keken guragu, je makewayi, sa sondi, wato ƴar robar nan da ke fitar mishi da fitsari. Kowane ɗaya sai ya duba, shi kaɗai ya yi, ko kama mishi aka yi, ko yi mishi aka yi gaba ɗaya. Har shimfiɗa yake tambaya ko ta kwana a bushe. Wai in an tara duka aka ga ya hau, to Attahir ya isa ya riƙe kansa, sai a sallame shi ya koma Barmou.

Wanga duk ban ƙi ba. Abin da ya tsaya mini a rai, cewa ya yi kada kowa ya kama mishi. Shekaranjiya Attahir na ƙoƙarin hawa keke, hannu ya zame, ya rataye tsakanin gado da keke, zufa na zuba, haƙora a cije. Na zabura, Souleyman ya ce, "Hajiya, dakata." Shi baƙo ne, aikinsa yake. Amma ka san wa ya riƙe mini bakin zane? Zeinabou! Wai, "Yaya, ki bar shi, zai iya." Ya iya ɗin, amma sai da raina ya kusa fita.

Kuma ko ran da Souleyman bai zo ba haka take yi. Ta naɗe hannu tana kallo yana fama da wando. Ni dai ban san irin wanga so ba. Aiki guda ne har yanzu ba ta saki ba, wanki. Fitsari na kuɓuce mishi, kullum safiya igiyar shanyata cike take da zannuwan gado, maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Tana yi, ba ta cewa komai. Wanga shirun nata ne ban yarda da shi ba.

Ka gaida Inna Hasana da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka, Raƙiya

Barmou, Laraba

Zuwa ga Raƙiya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta, na gode. Mutanen gida lafiya lau, suna gaishe ku da mai jiki.

Abin da kika gani ya zo daidai da abin da na ji. Ran kasuwa Malam Mamman, mahaifin Zeinabou, ya zo daga Affala ya iske ni. Bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya ce ran da ya je duba Attahir a gidanki, abin da ya fara gani shi ne shanya, na biyu kuma hannun ɗiyarsa da sabulu ya cinye. Ya ce shi bai ƙi ƙaddara ba, amma yarinya ce ƙarama, ko haihuwa ba ta yi ba. Ya ba mu zuwa ruwan shuka. In ya koma Tawa ya iske tana wankin fitsari kowace safiya, zai tafi da ita, sannan a zauna gaban alƙali.

Na ba shi haƙuri. Na gaya mishi akwai ma'aikaci da ke auna Attahir, kuma in lokacin ya yi zan kai mishi sakamakon ya gani da idonsa. Don haka awon nan kada ki raina shi, da shi za mu riƙe auren.

Sai dai ina tambayar kaina: uba ne ya ga hannun ɗiyarsa, ko ɗiya ce ta nuna wa uba hannunta? Ban sani ba, kuma ba na son ɗaukar alhaki. Ke ce kusa. Ki sa ido.

Kada Attahir ya ji wagga magana. Kin san zuciyarsa.

Na ba direba hatsi da busasshiyar yakuwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayanki, Zubairu

Tawa, Jumma'a

Yaya Zubairu,

Sallama da gaisuwa. Hatsi ya iso, Allah ya saka. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, ido nake sawa kamar yadda ka ce, kuma wallahi na ga abin da ya fi ƙarfin idona.

Ka ce kada Attahir ya ji, to bai ji ba, barcin hantsi yake. Ita na tara a bakin igiyar shanya na faɗa mata maganar ubanta tas, don in ga fuskarta. Ka san ni ba na iya magana ƙasa-ƙasa, amma dai ƙofarsu a rufe take. Ko gezau ba ta yi ba. Ta matse zane, ta shanya, ta ce, "Baba ya faɗi nasa." Shi ke nan fa!

Ba a yi sati ba, Yaya, shanya ta ɓace. Igiyata fayau, sai kallabina da rigunansa. Souleyman ya zo awo, ya ji shimfiɗa na kwana a bushe, har tafi ya yi. Ya ce bai taɓa ganin wanda mararsa ta daidaita da sauri haka ba, awo ya hau sosai. Ya ce dai a ci gaba da shan ruwa da yawa saboda zafi. Ni ma na yi murna, har waina na soya.

Murnar ba ta daɗe ba. Na shiga ɗakin da rana in gaishe shi, na ga randar da na aje musu a bayan ƙofa babu ita. Na ce ina randa? Zeinabou ta ce ta fitar da ita waje, wai tana jawo sauro. Sauro a wanga zafi da ko ƙadangare ke neman inuwa? Na dubi ƙanenka, leɓe duk ya tsattsage, ido ya faɗa, magana ma da kyar harshe ke juyawa. Na fita na ɗebo ruwan sanyi cikin kwano na aje mishi. Ina juya baya na ji motsi. Na leƙa ta taga, sai ga ta ta ɗauke kwanon cike yadda na kawo shi, ta kai bayan ɗaki ta tuttule wa akuya. Da idona, Yaya, ba labari aka ba ni ba.

Na tambaye shi ko yana shan ruwa, ya ce, "Ina sha, Yaya." Amma bai dube ni ba, ita ya duba. Mutumin da Barmou duka ta san shi da tsawa, yau shi ke satar kallon mace kafin ya ba yayarsa amsa. Mi ta yi mishi?

Abinci ma ta sake hannu. Kunun da take dama mishi tsararo ne kamar ruwan wankin shinkafa, sai kankana da take ta tura mishi. Namijin da ke ɗaga jikinsa da hannu biyu, wanga ne abincinsa?

Akwai kuma na ƙarshe. Kwanakin baya ta raka Souleyman har bakin moto, abin da ba ta taɓa yi ba. Sun daɗe, tana magana kai a sunkuye, da na fito ta yi tsit. Ba na cewa komai. Amma ka lissafa da kanka: in an hana shi ruwa, wanki ya ƙare, ta huta. In kuma abin ya wuce haka, Allah ya kiyaye, ta fita ba tare da an ce ta guji miji don ya nakasa ba. Ni tsoro nake ji, barci ma ba na iyawa.

Ka gaya mini abin da zan yi. A gaida gida.

Raƙiya

Barmou, Litinin

Raƙiya,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki, na sake karantawa, abinci bai shiga bakina ba ran nan.

Daga yau ruwansa a hannunki yake. Ki ba shi da kanki, ki tsaya har ya haɗiye. Shi kuma ma'aikacin, kada ki yi mishi maganar tukuna. Ba mu san shi ba, ba mu san iyayensa ba, kuma mutumin da ya ga leɓe a tsage ya yi tafi, ban san inda ya dosa ba.

Ban tsaya jira ba. Na hau moto na je Affala na iske Malam Mamman a ƙofar gidansa, da mutane a zaune. Na so in ja shi gefe, ya ce in faɗa a nan, ba shi da abin ɓoyo. Sai na faɗa. Na ce ɗiyarsa na hana ƙanena ruwa, kuma in wani abu ya same shi ba za mu yafe ba. Ya bar ni na gama. Daga baya ya ce shi bai haifi mai kisa ba, zai je Tawa ya gani, ba sai ruwan shuka ba.

Wataƙila na yi zafi. Amma rai ne, kuma ni ne babba.

Allah ya tsare. Ki riƙa sanar da ni.

Zubairu

Tawa, Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, a bencin gidan likita nake yin shi bisa gwiwa.

Attahir na kwance. Kada hankalinka ya tashi, ya farfaɗo, amma mun ga tashin hankali. Na yi yadda ka ce, na riƙa kai mishi ruwa da kaina, sai ya kurɓa ya ce cikinsa ya cika. Ran Talata da hantsi zazzaɓi ya rufe shi, jiki na kaɗawa har gado na ƙara, yana kiran sunan Baba da ya rasu. Abin da ya fito ta sondi kaɗan ne, ja wur, ga wari. Muka sa shi a mota sai likita.

Lokotoro ya duba ya ce ciwon ya hau har ƙoda, kuma jikin a bushe yake ƙamas. Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ke kula da wanga bawan Allah? Ba a ba shi ruwa ne?" Yaya, nan fa na manta inda nake. Na nuna ta da yatsa a gaban majiyyata da masu jinya, na ce ga ta nan, ita ce, a tambaye ta ina ta kai randa, a tambaye ta abin da akuyata ta sha. Na faɗi abin da ke bakina duka, har da na bakin moto. Mata suka taru suna salati, wata tsohuwa har tofar da yawu ta yi. Ita kuwa tana tsaye riƙe da ledar ƙarin ruwa, hawaye na zuba, ko a'a ba ta ce ba. Na ce kun gani, mai gaskiya ai da ta yi magana.

Ashe Malam Mamman na bakin ƙofa. Ya sauka tasha ya je gidana, aka ce muna nan, ya biyo. Duk ya ji. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Zeinabou, ɗauko mayafinki." Ta ce, "Baba, bai farka ba." Ya ce, "Na ce ɗauko mayafinki."

Kafin ta fita ta zo gabana ta durƙusa, na kau da kai. Ta ce, "Yaya, a riƙa juya shi, kada ya daɗe a gefe guda, ƙugun hagu ya fi saurin yin ja. Sondi a wanke hannu kafin a taɓa. In ya farka a ce na tafi da Baba, ba da son raina ba." Na ce Allah ya raka taki gona. Ta tashi ta bi ubanta.

Souleyman ya zo da marece, hankalinsa a tashe. Na ce mishi awonsa ya yi kyau, ga sakamako nan a kwance. Bai musa ba. Ya ce shi ya tambaya ko shimfiɗa a bushe take, bai tambayi dalilin bushewar ba, kuma laifinsa ne. Na ce mi kuka ƙulla a bakin moto? Ya ce tambayarsa ta yi, wai akwai wata tsohuwa a garinsu da ta ƙi shan ruwa, mi zai same ta, kuma da mi za a yi mata dabara. Shi ya ce mata kankana da kunu mai ruwa-ruwa. Ka ji wata ƙarya kuma, ko tata ko tasa, oho. Wace tsohuwa?

Jiya Attahir ya buɗe ido sosai. Abin da ya fara cewa, "Ina take?" Na gaya mishi duka, na ce ya gode Allah an raba shi da ita da sauran numfashinsa. Yaya, kallon da ya yi mini ban taɓa ganin irinsa ba. Ya juya fuska bango. Yau da safe ya ce in ba shi takarda da alƙalami, kai zai rubuta wa. Ga ta nan na haɗa da tawa, a liƙe ya ba ni, ban buɗe ba.

A yi mana addu'a.

Raƙiya

Tawa, gidan likita

Zuwa ga Yayana Zubairu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Hasana. Na ji ɗawainiyar da kuke yi da ni, Allah ya biya ku.

Yaya, ba wanda ya hana ni ruwa. Ni na hana kaina.

Ran da Yaya Raƙiya ke gaya wa Zeinabou maganar mahaifinta Baba Malam, idona biyu. Ko da barci nake, muryarta ta isa ta tashe ni. Na kwanta ina kallon rufin ɗaki, na ce yanzu saboda zanen gado za a raba ni da matata? Riga na koya, wando na koya, keke na koya har tafin hannuna ya yi kanta. Abu guda ne ya ƙi jin maganata. Sai na yi lissafin magini: abin da bai shiga ba, ba ya fita. Na rage ruwa, washegari shimfiɗa ta kwana a bushe. Na ƙara ragewa. Souleyman ya ce awo ya hau, na ce to ga abin da za a kai Affala.

Zeinabou ta gane tun kwana na biyu. Ta yi kuka, ta roƙe ni, ta ce ita wanki bai dame ta ba, ko kogi ne za ta wanke. Na ce ke bai dame ki ba, amma ya dami Baba Malam. Ta ce za ta gaya wa Yaya Raƙiya. Nan na haɗa ta da Allah, na ce in ta faɗa wa wani mahaluƙi ban yafe mata ba duniya da lahira. Ka san tarbiyyar gidansu, ta riƙe.

Randa ni na ce ta fitar, don in ina ganin raɓa a jikinta hankalina gushewa yake. Ruwan da Yaya ta kawo ni na ce ta zubar, don ba na iya ce wa Yaya ba na sha. Kunun da ake cewa tsararo, dabararta ce ta sa mini ruwa a ciki ban sani ba. Tsohuwar garinsu da ta ba Souleyman labari, ni ne. In na yi barci tana jiƙa tsumma tana matsa mini a baki, ina ji, ina yin kamar ban ji ba.

Naɗe hannun da ake faɗi kuwa, da kun ga tafin hannunta bayan na hau keke, da kun ga sawun farce. Ita kaɗai ce a gidan nan ta yarda zan iya.

Yanzu an kira ta mai kisa a Tawa, an kira ta mai kisa a ƙofar gidan ubanta, kuma ba ta buɗe baki ba saboda rantsuwar da na ɗora mata. Ban ce ku kuka yi ba, ni na fara. Amma Yaya, wata biyu kuna rubutu a kaina kai da Yaya Raƙiya, ɗakina na nan taku kaɗan daga nata, ba wanda ya zauna ya ce, Attahir, mi ke damunka? Ƙafafuna ne suka mutu, kaina na nan.

Ina roƙonka abu guda. Ka koma Affala, a wurin da ka faɗi waccan magana, gaban mutanen da suka ji ta, ka karanta musu wagga. Kada ka tsallake komai, har maganar fitsarin. Na gaji da jin kunyarsa, ga inda kunyar ta kai ni.

Ina shan ruwa yanzu. Shimfiɗa na jiƙewa. Allah ya sa mu dace.

Ƙanenka, Attahir

Barmou, Alhamis

Zuwa ga Attahir.

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara maka lafiya.

Na yi abin da ka ce. Na ɗauki liman da dattawa biyu muka je biko. Na tsaya a inda na tsaya wancan karo, na karanta takardarka tun daga sama har ƙasa. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ran nan ba. Na ba da haƙuri, liman ya ba da.

Malam Mamman ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya ji, ya kuma gode da aka wanke ɗiyarsa. Amma ya ce takarda ba ta da wuyar rubutawa, wa ya sani ko mu muka tsara maka don mu sami mai wanki? Ya ce maganar shanya ma ya bar ta. Abin da ya rage, ba zai maida ɗiyarsa gidan da miji zai ɗaure mata baki ya kashe kansa a hannunta, dangi kuma su ce ita ce ba. Na nuna mishi sakamakon awo, ko karɓa bai yi ba. Ya ce awon da ya hau ran da mutum ke mutuwa, a riƙe shi.

Ba a bar mu mun ga Zeinabou ba.

Shawarata, ka haƙura tukuna. In an sallame ka ka taho Barmou, ga ɗaki, ga masu yi maka hidima. Ba za ka nemi komai ka rasa ba.

Ka yafe mini.

Yayanka, Zubairu

Tawa, Talata

Yaya Zubairu,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi ruwa wajenku? Mu nan hadari ke haɗuwa yana watsewa.

Ƙanenka zai kashe ni da raina. Tunda muka dawo gida ya hana ni taɓa komai nasa. Na kawo ruwan wanka, ya ce aje nan. Na ɗauki zanen gado, ya ce, "Yaya, aje." Ya sa an ɗora mishi bahon wanki bisa benci daidai tsayin keke, ya sa an sassauto da igiya, shi ke wankinsa, shi ke shanya, maƙwabta na kallo yana ce musu ina kwananku. Gorar ruwa kuwa a rataye take a keke, yana sha kamar raƙumi. Souleyman ya daidaita mishi lokutan sondi, jiƙewar ta ragu, amma ba ta daina ba, kuma ya ce mai yiwuwa ba za ta daina duka ba.

Rannan ya faɗi a makewayi. Na ji ƙarar, na zo da gudu, ya ce in na shigo ba ni ba shi. Na tsaya a waje, Yaya, na naɗe hannu, ina jin yana ja da jiki yana nishi. Sai a lokacin na san abin da yarinyar nan ke ji. Na yi kuka har na gode Allah. Ya riga ya gaya mini abin da ya rubuta maka, ban san da wace fuska zan dubi Zeinabou ba.

Jiya Souleyman ya yi awo. Wanga karon sai da ya duba leɓe, ya duba launin fitsari, ya tambayi abin da aka sha. Awon bai kai na wancan karo ba, saboda shimfiɗa. Amma ya ce wanga ne na gaskiya, kuma ya isa mutum ya zauna gidansa ya riƙe kansa. Ya sallame shi.

Na ce to sai Barmou, bari in kira Yaya. Ya ce kada in kira kowa. Yau da safe ya ɗaure kayansa a bayan keke, ya tura kansa har tasha, ina biye da shi kamar ɗiyar akuya. Na ji da kunnena yana ce wa direba Affala. Na ce ka haukace? Inda aka kori liman kai za a saurara? A ina za ka kwana, wa zai juya ka? Ya ce, "Baba Malam ya ce bai yarda da takarda ba. To ga ni, ya auna da kansa." Aka ɗaga shi gaba, aka ɗaure keke bisa kaya, suka tafi.

Don Allah ka bincika mana.

Ƙanwarka, Raƙiya

Affala, Lahadi

Zuwa ga Yaya Zubairu da Yaya Raƙiya.

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina gaishe ku.

Tunda na zo, a rumfar masallacin da ke kallon gidan Baba Malam nake. Na yi sallama ran farko, ya amsa, bai ce in shigo ba, bai ce in tafi ba. Kullum yana zaune a ƙofar gida da carbi, yana kallon yadda nake sauka, yadda nake hawa, yadda nake gyara kaina in abin ya kuɓuce. Ban ɓoye komai ba. Ita ban gan ta ba.

Yau da hantsi ya fito da diga a kafaɗa. Bai dube ni ba, ya hau sarar dokin ƙofar zaurensa, tsoho da shi, ƙasa na tashi. Na turo keke na ce, "Baba, lafiya?" Ya share zufa ya ce, "Kekenka ba ya hawa wanga tudu. Ni kuma ɗiyata ba ta magana da mijinta a bakin hanya."

"Mijinta" fa ya kira ni, Yaya.

Bai gama sarar ba tukuna, ya ƙi in karɓa mishi. Kada ku turo kowa. Ku huta lafiya.

Ƙanenku, Attahir